Asalin 'Yan Ishiriniyar Unguwarmu a Malumfashi

Akwai wani hali da mu ke da shi duka: abin da mutum ya tashi ya tarar a ƙofar gidansu ba safai ya kan tambayi asalinsa ba. Sai ka ga yaro ya hardace sunayen kogunan Turai tsaf, amma in ka tambaye shi wanda ya gina rijiyar da ya ke shan ruwanta kullum, sai ya yi zuru. Sabo da haka ne malaminmu na tarihi ya ce kowa in ya tafi hutu ya nemo labarin wani abu na garinsu, ya rubuto. Mu da muka fito daga ƙasar Malumfashi muka haɗa kai, muka zaɓi 'yan Ishiriniyar wata unguwa tamu. Ga abin da muka samo, ko Allah ya sa ya yi wa wani amfani.

Bari mu fara gaya wa wanda bai san wurin ba. Malumfashi tana kudancin ƙasar Katsina, kan hanyar da ta taso daga Funtuwa ta bi ta Bakori, kuma nan ne mazaunin Galadiman Katsina. Ƙasar noma ce, ta auduga da dawa da masara. 'Yan Ishiriniya kuwa wata ƙungiya ce ta maza, yawancinsu manoma da 'yan kasuwa da maɗinka, waɗanda su kan taru a zaure bayan sallar lisha daga daren farko na watan Rabi'ul Awwal har daren sha biyu, suna rera yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Su kan zauna sahu biyu suna duban juna. Jagora ya ɗauko baiti, sahun dama ya karɓa, sahun hagu ya amsa, har muryar mutum talatin ta zama kamar ta mutum guda. Ba kalangu, ba ganga, ba wanda a ke biya ko kwabo. Suna da shugaba, da mai ajiyar littafi, da mai tara sadakar goro.

Tambayarmu guda ce, watau wa ya kafa wannan taro, kuma yaushe? Da muka shiga neman amsa sai muka ga tambayar ta rabu uku, gama waƙar tana da asalinta, littafin da a ke dubawa yana da nasa, karin muryar da a ke rera ta da shi kuma yana da nasa dabam.

Asalin waƙar shi ya fi sauƙin samu, domin malamai sun rubuta shi. Wanda ya tsara ta shi ne Abu Zaidi Abdurrahman Alfazazi, mutumin birnin Ƙurɗuba a ƙasar Andalus, wadda a ke kira Sifen yanzu. Magatakarda ne na sarakunan zamaninsa. Ya yi ta a shekara ta 604 ta Hijira, wajen 1207 ke nan, ya rasu a ƙasar Maroko a 1230. Ya bi haruffan Larabci guda 29, kowane harafi ya yi masa baiti ashirin masu ƙarewa da shi, duka baiti 580. Daga wannan ashirin ɗin ne sunan Ishiriniya ya fito. Bayansa wani malami, Ibnu Mahib, ya yi mata tahamisi, watau ya ƙara ɗango uku a gaban kowane baiti mai ɗango biyu, suka zama biyar biyar. Wannan mai tahamisin ita ce a ke rerawa a ƙasarmu.

Ku dubi ikon Allah. Shekara shida bayan rasuwar Alfazazi, a 1236, Ƙurɗuba ta fita daga hannun Musulmi. Fadar da ya yi wa aiki ta shuɗe, sarakunan da ya rubuta wa wasiƙu sai masu binciken tarihi suka san sunayensu. Amma waƙarsa ta ƙetare hamada, ga shi bayan shekara ɗari takwas manomin da ya wuni yana tsinkar auduga yana rera ta da ka.

Daɗewarta a ƙasar Katsina ma akwai shaida. Waliyyi Ɗan Masani, Muhammadu ɗan Masani, wanda aka haifa a Katsina a 1595 ya rasu a 1667, ya rubuta mata sharhi mai suna Nafhatul Anbariyya. Malami kuwa ba ya wahalar da kansa da sharhin littafin da ba a karantawa. Ashe tun fiye da shekara ɗari da hamsin kafin jihadin 1804 almajiran Katsina sun san ta. Haka kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, cikin littafinsa Ida'un Nusukhi inda ya lissafa malaman da suka karantar da su, ya faɗi cewa Shehu Usmanu ya karanci Ishiriniya tun yana saurayi, shi kuma ya karance ta a wurin Shehu. Wannan duka ya nuna mana hanyar da ta biyo ta iso ƙasar Hausa. Saura mu san yadda ta shigo zauren unguwarmu, wannan kuwa babu shi a littafi, sai a bakin tsofaffi.

Muka sayi goro, muka tafi wurin shugaban taron, wani dattijo da ya ba shekara tamanin baya. Muka durƙusa muka gaishe shi, muka ce, "Allah ya gafarta Malam, mun zo ne tambaya."

Ya ce, "Madalla, samari. Matambayi ba ya ɓata. Me ku ke so?"

Muka gaya masa. Ya yi shiru har muka zaci barci ya ɗauke shi, sa'an nan ya fara lissafa shugabannin taron da yatsa, tun daga kansa yana komawa baya, har ya kai mutum bakwai. Ya ce na farkon kakan mahaifinsa ne, malami ne da ya yi karatu a birnin Katsina, ya dawo da littafin cikin gafakarsa, ya fara karantawa da almajiransa a wannan zaure.

To, mu da muka yi makarantar allo mun san malaman hadisi ba su karɓar labari sai sun ji daga wa aka ji shi. Muka ce, "Malam, wa ya gaya maka?" Ya ce kakansa, wanda ya rayu har ya ga aurensa. Muka ce, "A wace shekara aka fara?" Ya yi dariya, ya ce, "Ku 'yan boko komi sai da lamba. Mu ba mu ƙidaya shekara da lamba, da abin da ya faru cikinta mu ke ƙidayawa." Ya ce kakansa ya gaya masa cewa mai kafa taron ya rasu tun Turawa ba su shiga Katsina ba, kuma a shekarar yunwar Kakalaba shugaba na biyu ne ke ja, har aka yi dare goma sha biyun nan ba a raba ko tsinken goro ba, mutum shida kaɗai ke zuwa, amma ba su fasa ba ko dare ɗaya.

Nan ne karatun boko ya yi mana rana. Shigar Turawa Katsina 1903 ne, yunwar Kakalaba kuwa 1914. Da muka jera waɗannan shekaru kusa da sunayen nan bakwai, sai lissafin ya zauna daidai, kowane shugaba ya sami kamar shekara ashirin. Watau dattijon bai san lamba ba, amma ya riƙe turakun da a ke ɗaure lamba a jikinsu.

Muka roƙi ganin littafin. Aka aiki mai ajiya ya ɗauko shi cikin tsohuwar gafaka ta jan fata. Rubutun hannu ne, warƙa warƙa ba ɗinki, baitocin Alfazazi da jar tawada, na tahamisi da baƙa, tsakanin layuka kuma an yi ƙananan fassarori da ajami. Gefen warƙoƙin ya yi baƙi don shafar hannu. Warƙar ƙarshe, inda marubuci ya kan sa sunansa da ranar da ya gama, gara ta cinye rabinta, sai addu'a ta rage. Amma malaminmu ya riga ya koya mana wata dabara. Muka ɗaga warƙa guda muka yi wa rana kallo ta cikinta, sai ga hoton jinjirin wata guda uku a jere cikin jikin takardar. Irin wannan takarda a ƙasar Italiya a ke yin ta, wajen birnin Banis, fatake su kan sayo ta a Tarabulus da Masar su ƙetaro hamada da ita bisa raƙuma, kuma ita ce malaman ƙasar Hausa suka fi rubutu a kanta cikin ƙarni na 19. Takarda ba ta faɗin shekara, gama mutum ya iya ajiye ta ya daɗe bai rubuta ba. Duk da haka ta yi wa maganar dattijon shaida, ba ta ƙaryata shi ba. Dattijon da kansa ya karɓa ya duba, ya ce shekara sittin yana juya warƙar nan bai taɓa ganin watannin ba.

Da labari ya bazu cewa 'yan makaranta na rubuta tarihin taron, sai aka aiko mana daga unguwar da ke maƙwabtaka da mu, aka ce kada mu kuskura mu rufe littafi ba mu ji nasu ba. Ashe akwai tsohuwar gardama tsakanin gidajen biyu, har shekarun baya ta kusa raba taron. Muka tafi. Mai gidan, wani tsohon ɗan kasuwa, ya ce, "'Ya'yana, abin da aka gaya muku rabin magana ne. Kakana ne ya kafa taron nan." Ya ce kakansa ɗan Zariya ne mai sayen auduga, ya zo ƙasar nan zamanin da jirgin ƙasa ya fara tsayawa a Funtuwa. Da ya zo ya tarar malami guda ke karantawa, sauran suna saurare kamar wa'azi. Shi ya ce a zauna sahu biyu, shi ya koya musu amshi da karin da a ke yi a garinsu, shi ya fara tara sadaka, daga nan ne waɗanda ba almajirai ba suka fara shigowa.

Wannan ma muka auna shi. Hanyar jirgin da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa zuwa Gusau ta isa Ƙaurar Namoda a 1929, kuma sananne ne cewa jirgi da injin gurzar auduga su suka jawo baƙi Funtuwa daga ko'ina, har ta zama babban gari. Zuwan ɗan Zariya mai sayen auduga a wannan zamani ba abin mamaki ba ne. Da muka koma wurin dattijo na farko muka tambaye shi ko tun asali sahu biyu a ke zama, ya ce a'a, ya ji an ce da can karatu ne kawai, zamanin shugaba na uku aka canja. Kun ga, bakin da ke gardama da juna sun haɗu a wuri guda ba su sani ba. Gida ɗaya ya kawo littafi, ɗayan ya kawo amshi. In an ce wa ya kafa karatun, na farko ne. In an ce wa ya mai da karatu taron mawaƙa, na biyu ne. Muka karanta wa kowannensu abin da muka rubuta. Ɗan kasuwar ya ce haka ne. Malam kuwa ya ce zai yi tunani, amma ya sa mana albarka.

Saura na uku, watau karin murya, shi ne kuwa ya sa mu rubuta wannan takarda. Wata tsohuwa a gidan shugaban, wadda ta yi shekara hamsin tana toya wainar sadakar daren sha biyu, ta aiko a kira mu. Da muka shiga muka ce, "Iya, ina wuni?" Ta ce, "Ku miyagun mazaje, kun zagaye gari kuna tambayar maza, ni da na ji komi ta bayan katanga ba ku tambaye ni ba." Ta ce tana amarya kusan kowane harafi da karinsa, akwai mai nauyi na farkon dare, akwai mai sauri na korar gyangyaɗi, akwai wani mai taushi da ba a yin sa sai gab da asuba. Ta ce yanzu kari huɗu ko biyar su ke juyawa. Sa'an nan ta rage murya ta rera mana na asubar. Ba ta san ma'anar kalma ko ɗaya ba, amma ba ta karya ma'auni ba. Da muka maimaita shi gaban shugaban, sai hawaye suka zubo masa, ya ce rabonsa da jin wannan tun rasuwar mahaifinsa, shi kansa ya manta da shi.

To, jama'a, ku duba. Kalmomin Alfazazi ba abin da zai same su, gama an buga su a Masar da Kano, suna nan a kasuwa, kowa ya so ya saya. Tsohon littafin ma in an kiyaye shi daga gara da ɗigon ruwa zai ƙara shekaru. Amma kari ba ya shiga takarda. A maƙogwaro ya ke zaune, ranar da aka kai mai shi kushewa an kai shi ke nan. Shi ne kuwa kaɗai abin da ya ke namu cikin ukun, gama waƙar ta Andalus ce, takardar ta Italiya ce, muryar ce ta mutanen ƙasarmu. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to, ina za a ji daɗin in mai ita ya tafi bai bar wa kowa ba?

Mun tambayi abin da ya kawo wannan raguwa, aka ba mu dalilai. Samari suna tafiya birane neman kuɗi da karatu. Waɗanda suka rage kuma sun fi son kwaikwayon karin da su ke ji a rediyo da wayar hannu, har ya zama ƙauye da birni duk murya guda. Zuwan lasifika ya sa mai zaƙin murya guda ya isa ya cika unguwa, sauran su yi shiru, alhali kuwa asalin abin haɗa murya ne. Rashin kwanciyar hankali a ƙauyukan kudancin Katsina cikin 'yan shekarun nan ya sa mutanen karkara da su kan shigo da dare sun rage zuwa. Akwai kuma saɓanin malamai a kan bikin Maulidi kansa, wanda ya ƙara ƙarfi tun kafuwar ƙungiyar Izala a 1978. Wannan magana ce ta malamai, ba ta ɗalibai irinmu ba. Abin da mu ke cewa kawai, mai zuwa taron da wanda ba ya zuwa duk kakanninsu ne suka yi shi, sanin yadda suka rayu kuwa ba ya cutar da kowa.

Ku dubi Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa da ya zauna a Funtuwa. Ya rasu a 1999, amma yaron da aka haifa bayan rasuwarsa ya san muryarsa da ta 'yan amshinsa, don an ɗauka an ajiye. Manoman da suka yi shekara ɗari suna haɗa murya a zaure ba wanda ya ɗauki tasu, don ba wanda ya ga abin ya isa a ɗauka. Yau kuwa kowannenmu yana yawo da na'urar ɗaukar murya cikin aljihunsa. Da izinin masu abin mun ɗauki kari tara, huɗu daga bakin tsohuwar nan, mun kuma ɗauki hoton warƙoƙin littafin duka. Niyyarmu mu kai kwafi ɗaya Gidan Arewa a Kaduna, inda a ke ajiye tsofaffin rubuce-rubuce, ɗaya mu bar wa laburaren makarantarmu. Amma ajiya a na'ura kamar hatsi ne a rumbu, sai an fitar an shuka ya ke haihuwa. Don haka muka zaunar da yara biyar na unguwar, tsohuwar ta koya musu karin asuba har suka iya.

Ga shawararmu ga duk wanda zai yi irin wannan aiki a garinsu, ko a kan 'yan Ishiriniya ne, ko mawaƙan noma, ko masu waƙar daɓe. Ya tafi da ladabi da goro, kada ya tafi da gardama. Kowane labari ya tambayi daga wa aka ji shi. In tsoho ya ce shekarar yunwa kaza ko zamanin sarki wane, ya rubuta haka nan, ya nemi lambar daga baya. In gida biyu sun saɓa ya ji duka biyun, gama sau da yawa kowa gefen da ya gani ya ke faɗi. Kada ya manta da cikin gida, domin mata suna riƙe da abin da maza suka yar. Kuma ya yi sauri. Cikin tsofaffin da muka yi niyyar gani, ɗaya ya rasu sati biyu kafin mu isa gida, an ce shi ya fi kowa sanin karin harafin ƙarshe. Allah ya jiƙansa.

Gobe za a rarraba mu makarantu, wani ƙauye, wani birni. Duk inda aka kai malami akwai wani zaure kusa da shi mai tsoho a ciki, akwai kuma yara arba'in a gabansa waɗanda in ya aike su tambaya za su tafi da murna. In kowane ɗayanmu ya rubuta tarihin abu guda a garin da aka kai shi, kafin shekara goma ƙasarmu ta sami littafin da ba wani baƙo da zai iya rubuta mata.  Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari, amin.